Na haddace izu goma, amma lambar wayar maigidana ta gagare ni

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a wani ƙauye a ƙasar Ringim, 'ya'yana huɗu. Ina sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, kuma ni ce uwar adashen matan unguwarmu. Tun da takardun kuɗi suka yi wuya a 2023 aka buɗe min asusu, wasu matan ta can suke yin zubi. Matsalata ita ce lamba ba ta zama a kaina. Lambar asusun ban riƙe ba, lambar sirrin katin ma sau biyu ina mantawa. Da maigidana zai tafi ci-rani Legas sai ya damƙa katin a hannun ƙaninsa, shi ke ciro min kuɗi wurin mai POS ran kasuwar Gujungu. Watan jiya na zo ba da kwasa na tarar da giɓin naira dubu 18, da jarina na cike. Da na tambayi ƙanin nasa sai ya ce kan mata ba ya riƙe lissafi, Inna mahaifiyarsu kuma ta ce in bar maganar. Abin da ya fi ƙona min rai, wani dare yarona ya yi zazzaɓi mai zafi, wayata ba caji, maƙwabciya ta miƙo min tata in kira babansa, na kasa kawo lambarsa. Na yi kuka a ranar. Alhali a Islamiyya na haddace izu goma. Ƙanwata ta nuna min wata dabarar haddace lambobi a waya, amma da Turanci take, ban gane komai ba. Anti, kaina ne da matsala? Kuma yaya zan karɓi katina ba tare da na ɓata da dangin miji ba?

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ƙara wa yaron lafiya, ya mayar miki da abin da kika cike da shi. Na ji zafin daren nan da kika ba da labari, kuma ina so ki fara da cire wannan zargin daga zuciyarki: kanki lafiyarsa lau. Macen da ta ɗauke izu goma da ka, take riƙe da sunayen masu zubi da ranar kwasar kowacce, ta san mudu nawa na gyaɗa ke ba ta kwalba nawa na mai, ba a ce mata marar kai. Lamba ce ba ta da abin kamawa. Aya tana da ma'ana, tana da sauti, ta gaba tana jan ta baya. Amma bakwai da biyu da huɗu ba abin da ya haɗa su, shi ya sa suke zamewa, kuma haka suke zame wa kowa, mace da namiji. Tun a 1956 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, George Miller, ya rubuta cewa abin da mutum ke iya riƙewa a ji ɗaya bai wuce abubuwa bakwai ba, ko a ƙara biyu ko a rage biyu. To lambar asusu goma ce, ta waya goma sha ɗaya, haka NIN, haka BVN. Kin ga ai dama sun fi ƙarfin ji ɗaya.

Akwai wani gwaji da aka buga sakamakonsa a 1980 da nake so ki ji. Wani ɗalibin jami'a a Amurka, da farko lambobi bakwai yake iya maimaitawa in an karanta masa, kamar kowa. Bayan ya daɗe yana atisaye sai da ya kai 79. Ba magani ya sha ba. Shi mai wasan tsere ne, sai ya riƙa mayar da lambobin zuwa lokutan gudu da ya sani, kowane gungu ya zama abu mai ma'ana a wurinsa. Da aka canza aka ba shi haruffa a maimakon lambobi, sai ya koma wajen shida. Wato kansa bai ƙara girma ba, hanya ya samu. Ke ma hanya kike buƙata, kuma wadda aka gina da abin da kika riga kika sani.

Dabarar da ƙanwarki ta nuna miki ta gaskiya ce. Tsohuwa ce a Turai, ana danganta farkonta da wani masanin lissafi a Faransa, Pierre Hérigone, a 1634, kuma har yau masu gasar hadda ta duniya, wadda aka fara a 1991, suna aiki da irinta. Kowace lamba ana ba ta baƙi, sai a haɗa baƙaƙen su zama kalma. Abin da ya sa ta ƙi ki, kalmomin na Turanci ne, an ɗora miki kaya biyu. Mu kuwa muna da tamu a gida tun kafin zuwan boko. Kin san abajada, hawaza. A lissafin malamanmu kowane baƙi yana da adadinsa: alif 1, ba 2, jim 3, dal 4, haka har shin da take 1000 a tsarin Magariba da ƙasarmu ta gada. Da shi malaman zamanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo suke rufe waƙoƙinsu, su ɓoye shekarar da aka yi waƙar a cikin kalma guda, abin da ake kira ramzi. Kalma kamar sharafu, in kin haɗa shin 1000 da ra 200 da fa 80, ta ba ki shekara ta 1280 ta Hijira. Masu hisabi kuma suna tara baƙaƙen gida-gida: ba 2, kaf 20, ra 200, duk 'yan gidan biyu ne, sai su ce bakara. Jim da lam da sin 'yan gidan uku, jalasa. Dal da mim da ta 'yan gidan huɗu, damata. A kan wannan za mu gina naki, da ɗan gyara don ya hau bakin Hausa. Bambancinsa da ramzi, mu ba tarawa za mu yi ba, jerawa za mu yi, kowane baƙi lamba ɗaya.

Ga karatun, ki biya shi kamar yadda kike biya allo: yaƙasha, bakara, jalasa, damata, hanaca, wa, za, fa, ɗaga, tsaɓa. Yaƙasha ita ce 1, wato y da ƙ da sh duk ɗaya ne. Bakara 2, jalasa 3, damata 4. Hanaca 5, wato h da n da c. Wa 6, za 7, fa 8. Ɗaga 9, wato ɗ da g. Tsaɓa kuma sifili, ts da ɓ, wannan ni na ƙara don abajada ba ta da sifili. Ƙa'ida biyu ce kawai. Wasali ba ya cikin lissafi, baƙi kaɗai ake ƙirgawa. Baƙi mai shadda kuma sau ɗaya ake ƙirga shi. Ki riƙa lanƙwasa yatsa ɗaya a kan kowace kalma kina faɗa, kina suyar ƙuli kina yi, kina tatsar mai kina yi. Kada ki taɓa wata lamba tukuna sai wannan ya zauna, har in an ce miki m ki ce huɗu ba tare da kin tsaya ba.

In ya zauna, sai ki fara wasa da kayan gidanki. Buta, b da t, 24. Jaki 32. Fura 82, nono 55, gero 92, wake 62, zuma 74. Turmi 424. Taɓarya 4021. Za ki ga abin yana da daɗi, yara ma za su shigo ciki, kuma ki bar su su shigo, don wanda yake koyar da wani ya fi saurin riƙewa. Daga nan ki juya, ki ɗauki lamba ki nemo mata kalma. Wannan ya fi wuya kaɗan, musamman inda shida da bakwai da takwas suka haɗu, tunda baƙi ɗaiɗai gare su. Akwai dai mafita, 78 zufa ce, 86 fawa, 66 wawa. In gungu ya ƙi ba da kalma, ki matsar da wurin yankan, ki ɗauki uku a maimakon biyu. Ki fi son sunan abin da ido ke gani, hannu ke taɓawa. Zuma ta fi zama a kai a kan kalma irin zato.

Bari in nuna miki da lambar asusu da na ƙirƙira don misali, 2472264843. In kin kalle ta haka, kanki zai yi nauyi. Yanka ta: 24, 722, 64, 843. Buta, zakara, wuta, fitila. Lambobi goma sun koma abubuwa huɗu. Saura kada jerinsu ya rikice, a nan ne dabara ta biyu take shigowa, wadda masu jawabi a tsohuwar Girka da Rum suka yi aiki da ita, wato ajiye abu a wurin da ka sani. Ki rufe ido ki shigo gidanku daga waje. A zaure kin yi tuntuɓe da wata ƙatuwar buta, ruwa ya jiƙa miki zane. Kin shigo tsakar gida, ga zakara a bakin rijiya yana cara har kunnenki na zafi. Kin waiga wajen rumbu, wuta ta kama jinkarsa, Allah ya kiyaye. Kin ruga ɗaki, fitila a tsakiyar gado tana haske. Ki ƙara wa hoton gishiri da gangan, don abin mamaki da abin tsoro sun fi zama a rai. Duk ranar da mai zubi ta ce ba ni lambar asusu, sai ki shigo ta zaure a zuci, ki bi su ɗaya bayan ɗaya, kina warware baƙaƙen. Da farko za ki yi jinkiri. Bayan 'yan makonni lambar za ta riƙa fitowa da kanta, ba sai kin nemi buta ba.

Lambar maigida ta fi sauƙi. Huɗun farko, irin su 0803 ko 0806, kunnenki ya riga ya saba da su. Saura bakwai, kalma biyu ko uku kenan. Amma ki ajiye su a wani gidan daban, gidanku na haihuwa misali, don kada zakaran asusu ya shiga lambar waya. Ni da ita nake so ki fara, don ita ce ta sa ki kuka. Sai ta wani ɗan'uwanki na jini da zai iya zuwa da sauri in dare ya yi, sai ta asusu. Uku ɗin nan sun isa wata guda. NIN da BVN ba kullum ake nemansu ba, suna iya jira, kuma in buƙata ta taso ana duba NIN da *346#, BVN da *565*0#, a layin da aka yi rajista da shi, ana cire ɗan kuɗi kaɗan.

Kin fi ni sanin abin da ke faruwa da hadda in ba tilawa. Wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya auna wannan a 1885, ya ga mafi yawan mantuwa a sa'o'in farko da ranar farko take aukuwa, daga baya sai ta rage gudu. Saboda haka ranar da kika ɗaura sabuwar lamba, ki maimaita ta bayan ɗan lokaci, ki sake da la'asar, ki sake kafin barci, sannan da asuba. Daga nan kullum sau ɗaya na mako guda, sai ki koma duk Juma'a. Kuma tilawar ta zama da ka, ki fara kawo ta tukuna sannan ki duba takarda. Mafi kyau, in za ki kira maigida ki daina nemo sunansa a waya, ki danna lambar da yatsanki.

Yanzu maganar dubu 18. Na san zuciyarki ta riga ta nuna mutum ɗaya, kuma ban ce ki ƙaryata ta ba. Amma a yau ba ki da hujja, shi ma ba shi da abin da zai wanke kansa, tunda ba wanda ya rubuta komai. Kuɗi suna iya zubewa ta hanyoyi da yawa: ladan mai POS a kowane cira, kuɗin saƙon alat, naira 50 da ake cirewa a tiransifar da ta kai dubu goma, ko wata mai zubi da ta ce ta turo alhali kuɗin bai shigo ba. Waɗannan su kaɗai da wuya su kai dubu 18 a wata guda, gaskiya, amma in sun taru watanni suna cin rami. Yana yiwuwa kuma ƙanin mijin naki ya ranta da niyyar mayarwa, kunya ta sa ya rufe da baƙar magana. Maganar da ya faɗa miki ba ta dace ba, matar wansa ce ke, kuma dukiyar mutane kike tambaya. Sai dai ki tuna ya daɗe yana miki zirga-zirgar kasuwa, ba ki ce ana ba shi ko na mai ba. Abin da zai raba gardama shi ne takardar shige da fice ta asusun. Haƙƙinki ne, in kin je banki da katin shaidarki za su buga miki ta watannin da kike so, kowane cira da ranarsa da adadinsa. Ki zauna da ƙanwarki ku bi ta layi-layi. Idan ta nuna cirar da ba ki aika ba, maigida za ki kai wa, shi zai yi magana da ƙaninsa. Kada ki tare shi da kanki, kada kuma matan adashe su ji.

Inna kuwa, da ta ce a bar maganar, ɗanta take karewa, kuma tana gudun abin da zai raba 'ya'yanta biyu. Kowace uwa haka za ta yi. Kada ki sa ta zaɓi tsakaninki da shi, ba za ki ji daɗin zaɓin ba. Karɓar katin ma ba ta bakinki ya kamata ta fito ba. Maigida ne ya ba da shi, shi zai ce a mayar. Ki kira shi lokacin da ya natsu, ba da rana yana tsakiyar nema ba, ki ce masa: Baban yara, kuɗin nan na mutane ne, in wani abu ya faru ni za a tambaya duniya da lahira, kuma ba na son sunan ƙaninka ya shiga bakin matan unguwa. Na koyi riƙe lambar, ina so katin ya dawo hannuna. In kin karanto masa lambar wayarsa da ka a lokacin, ya ji da kunnensa, rabin gardamar ta ƙare. Shi kuma ya gaya wa ƙaninsa cikin mutunci cewa an sauke masa nauyi ne. Ke kuma ranar da ya kawo katin ki yi masa godiya a gaban Inna, ki haɗa masa da ɗan ƙuli da kwalbar mai.

Ranar da katin ya shigo hannunki, ki canza lambar sirri, ko da kin yarda da kowa. A nan dabarar tana aiki ta baya: ki zaɓi kalma mai baƙi huɗu da ke kaɗai kika san dalilinta, ki mayar da ita lamba. Tukunya, misali, 4251 ce, amma kada ki ɗauki wannan tunda na buga ta kowa ya gani. Ki guji shekarar haihuwa, da 1234, da ƙarshen lambar wayarki. Kada ki rubuta ta a bango ko a bayan katin, kada ki faɗa wa mai POS ya danna miki, ki karɓi na'urar ki danna da kanki kina karewa da ɗaya hannun. Duk wanda ya kira ki ya ce daga banki yake, ki ba shi lambar sirri ko lambar da aka turo miki ta saƙo, ɗan damfara ne, ki kashe wayar. Banki ba ya tambayar wannan.

In maigida bai amince ki riƙa fita wurin mai POS ba, akwai tsaka-tsaki. Ki koyi tiransifa a wayarki, ko ƙaramar waya tana yi da lambar bankin da ake dannawa. Sai ki tura wa mai POS adadin da kike so daga ɗakinki, ɗan aike ya karɓo tsaba kawai, ko ƙanin mijin ne ma. Ko kuma mai kwasa ki tura mata kai tsaye asusunta. In kuma ya dage katin ya zauna inda yake, to ki raba: kuɗin adashe su koma sabon asusu da ke kaɗai ke da lambarsa, wancan ya zama na cefanen gida.

Abu ɗaya nake roƙonki da babbar murya, kada daɗin hadda ya sa ki ɗora lissafin adashe a ka. Lambar sirri a kai take zama saboda ba a so kowa ya gani. Kuɗin mutane kuwa so ake kowa ya gani. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi, kuma an saukar da ita ga mutanen da suka fi mu ƙarfin hadda. Ki sayi littafi mai bango mai ƙarfi, kowace mai zubi da shafinta, rana da adadi, da boko ko da ajami, duk wanda hannunki ya fi sakewa da shi. Wadda ta turo ta waya, kada ki rubuta sai kin ga alat da idonki. Ranar kwasa a samu mace biyu su shaida. Lambobin waya masu muhimmanci su ma ki rubuta su a shafin ƙarshe, don ranar da ba kya gida yara su samu.

Mai yiwuwa wani ya ji kina bakara jalasa ya ce duba kika fara, tunda masu duba ma suna taɓa waɗannan baƙaƙen. Ki yi masa bayani da sauƙi, ki nuna masa yadda buta ta zama 24. Ba gaibu a ciki, ba sunan kowa ake bugawa ba, ƙirga ce kawai irin ta ramzin malamai. In Inna ta nuna damuwa, ki sa malamin Islamiyyarku ya yi mata bayani, za ta fi jin ta bakinsa. In kuma kin lura mantuwar ta wuce lamba, kina manta abin da kika ɗora a wuta ko maganar da aka yi jiya, ga jiri ga kasala, musamman in kina goyo, ki je asibiti a duba jininki, don ƙarancin jini da rashin barci suna taɓa natsuwa.

Ki fara karatun yatsun yau da daddare, ki ba shi mako guda, mako na biyu ki ɗaura lambar maigida, sannan ki yi masa maganar katin. In wani gungun lambobi ya ƙi ba ki kalma, ki turo min shi shi kaɗai, biyu ko uku, ba duka lambar ba, mu nema tare. Ki gaida Inna da yaran.